Yadda Aka Kai ga Dala Miliyan 3.5: Nazarin Darajar Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971

A ranar 14 ga watan Yuni na shekarar 2014, a birnin Siyatul da ke arewa maso yammacin Amurka, kamfanin gwanjon motoci na Mecum ya gabatar da wata shuɗiyar mota ƙirar Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai baƙin rufi mai naɗewa a gaban masu taya. An yi kimanin minti takwas ana ƙara kuɗi a kanta, kuma da guduma ta sauka, farashin ya tsaya a kan dala miliyan 3.5. Idan aka haɗa da la'adar kashi 8 cikin ɗari da mai saye ke biyan kamfanin gwanjon, abin da ya fita daga aljihunsa ya kai dala miliyan 3.78. A lokacin motar tana da shekara 43 da fitowa daga masana'anta, ba ta da jakar iska, ba ta da kwamfuta ko ɗaya a jikinta, kuma ko ta fuskar gudu akwai sababbin motoci da kuɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na nata ba waɗanda za su bar ta a baya. Wanda ya saba da kasuwar motocin hannu, inda ake duba shekarar ƙira da nisan tafiyar da mota ta yi sannan a rage kuɗi, zai ga lissafin a juye yake. Wannan nazari ya bi matakan da mai ƙiyasta daraja yake bi a kan mota irin wannan, domin a ga inda kowane ɓangare na kuɗin ya fito, da kuma inda ƙiyasin yake da rauni.

Irin motar da ake magana a kai

Amurkawa suna da suna na musamman ga motocin da kamfanoninsu suka ƙera tsakanin 1964 zuwa farkon shekarun 1970, sunan da za a iya fassara shi da motoci masu ƙwanji: matsakaiciyar mota mai ƙofa biyu da aka ɗora wa ƙaton inji mai silinda takwas, ana sayar da ita a farashin da matashi mai albashi zai iya biya. Plymouth, wanda a lokacin reshe ne na kamfanin Chrysler, ya sake fasalin motarsa Barracuda a 1970, nau'inta mai ƙarfi kuma shi ake kira 'Cuda. Mafi girman abin da mai saye zai iya zaɓa a cikinta shi ne injin 426 Hemi, mai faɗin lita bakwai da manyan kafireta guda biyu, wanda kamfanin ya ce yana ba da ƙarfin doki 425. Sunan Hemi ya samo asali ne daga siffar ɗakin ƙonewar mai, wanda yake kamar rabin ƙwarya a kife, abin da ya ba da damar sanya manyan bawul. An fara ƙera injin ne domin tsere a 1964, aka soma sayar da shi a motocin titi a 1966.

Mutane kaɗan ne suka zaɓe shi, kuma dalilan a bayyane suke. Injin kaɗai yana ƙara kusan dala 900 a kan motar da kuɗinta ya ɗan haura dala 3,000, wato kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na farashin. Kamfanonin inshora sun tsawwala kuɗi a kan matasa masu irin waɗannan motoci, dokar tsabtace iska ta 1970 ta fara matsa wa masu ƙera injuna lamba, kuma duk wanda ya sayi Hemi domin tsere ya fi son mai rufin ƙarfe, saboda ta fi sauƙin nauyi kuma jikinta ya fi ƙwari. Mai son buɗaɗɗiyar mota domin shan iska kuwa ba ya bukatar inji mai zuƙar mai da yawan neman bakanike. Haɗuwar biyun a mota guda, wato Hemi da rufi mai naɗewa, zaɓi ne da kusan babu mai yin sa. Shekarar 1971 ita ce ta ƙarshe ga injin Hemi na titi, ita ce kuma ta ƙarshe ga Barracuda mai buɗaɗɗen rufi. Masu rufin ƙarfe da suka fito da Hemi a wannan shekara sun ɗan haura ɗari, masu buɗaɗɗen rufi kuwa ba su wuce goma sha ɗaya ko goma sha biyu ba, ya danganta da wanda ya yi ƙidayar.

Ƙarancin nan shi ne tushen lissafi, amma shi kaɗai ba ya haifar da daraja. Akwai motocin wancan zamani da aka ƙera ƙasa da goma daga cikinsu saboda babu wanda ya so su a lokacin, kuma har yau babu mai son su. Abin da ya bambanta 'Cuda shi ne ƙarancinta ya faɗo a kan abin da masu tara motoci suka fi kwaɗayi: injin da ya fi kowane suna a cikin motocin Chrysler, a jikin da ya fi ɗaukar ido, a shekarar da aka rufe babin duka biyun.

Tabbatar da cewa ita ce

A nan ne mafi yawan aikin mai ƙiyasi yake, kuma a nan ne mafi yawan kuɗin yake kwance. Jikin Barracuda mai buɗaɗɗen rufi na 1971 iri ɗaya ne ko da wane inji aka sa masa, don haka ƙwararren bakanike zai iya samun wadda ta fito da ƙaramin inji na 318, ya ɗora mata Hemi, ya sa mata bonet mai huda da maƙoshin iskan da ke leƙowa ta cikinsa, ya manna mata manyan rubuce-rubucen gefe, ta yadda daga nesa babu mai bambanta ta da ta asali. Irin waɗannan kwaikwayo suna da yawa a Amurka, kuma idan an faɗi gaskiyarsu ba laifi ba ne, ana sayar da su a kan ɗan ƙaramin kaso na kuɗin ta ainihi. Matsalar tana tasowa ne idan aka ɓoye.

Mai ƙiyasi yana farawa da lambar motar, wadda ke kan wani ɗan ƙarfe a saman dashbod ta gefen direba, ana hango ta ta gilashin gaba. Ga motar da muke magana a kai, dole lambar ta fara da BS27R1B. Harafin B na farko yana nufin Barracuda, S yana nufin nau'in 'Cuda, 27 buɗaɗɗen rufi ne, R shi ne injin Hemi, 1 shekarar 1971 ce, B na ƙarshe kuma masana'antar Hamtramck ce da ke jihar Mishigan. Motar da ta fito da injin 318 za ta nuna G a gurbin R, da H a gurbin S, kuma bambancin waɗannan haruffa biyu ya fi dala miliyan biyu. Saboda haka ba a tsayawa a kan farantin dashbod, domin abu ne da ake iya cirewa a dasa a wata mota. Ana buɗe bonet a karanta wani ƙaramin faranti da aka ɗaure a jikin fenda ta ciki, wanda ke ɗauke da lambobin kayan da aka haɗa motar da su, inda E74 ke nufin Hemi, D21 kuma giyar hannu mai hawa huɗu. Daga nan sai a nemi ɓangaren lambar motar da aka buga a jikin ƙarfen bodi kansa, a sandar da ke riƙe lagireto da kuma ƙasan gilashin gaba.

Sannan a shiga ƙarƙashin mota da fitila. A gefen injin, kusa da inda kaskon baƙin mai ya haɗu da gangar injin, akwai wani ɗan fili da aka goge, inda ma'aikacin masana'anta ya buga lambar motar da hannu. Ƙwararru ba karanta lambar kawai suke yi ba: suna duba siffar haruffan, da zurfin bugun, da yadda layin ya ɗan karkace kamar yadda aikin hannu ke yi, da kuma ko saman ƙarfen yana da sawun goge irin na injin masana'anta ko an sake kankare shi daga baya. Ana kwatanta ranar da aka zuba gangar injin da ranar da aka haɗa motar, domin inji ba zai zo duniya bayan motarsa ba. Haka ake yi wa akwatin giya. Idan duk waɗannan sun dace da juna, ana cewa lambobin motar sun yi daidai, kuma a motocin Hemi wannan abu ne mai wuyar samu, saboda masu su na farko sun saye su ne domin su taka su iya takawa, injuna da yawa kuma sun fashe tun motocin ba su shekara biyar ba.

Shaida ta ƙarshe takarda ce. A lokacin haɗa mota, masana'anta tana buga wata takarda mai cike da lambobi wadda ke gaya wa ma'aikata abin da za su sa, kuma idan an gama sukan cusa ta a cikin sifirin na kujerar baya, ko ƙarƙashin kafet, ko bayan akwatin dashbod. Bayan shekara arba'in takardar takan fito ta yi ruwan ƙasa, da zanen tsatsar sifirin a jikinta, gefunanta sun marmashe, wani lokaci ɓera ya ci rabi. Darajarta ta fi ta kowace takarda a motocin Chrysler, domin masu motocin Ford da Pontiac na wancan zamani suna iya neman bayanan masana'anta a kan motarsu, amma bayanan da Chrysler ya adana na mota ɗaya ɗaya ba su kai ga 1971 ba. Idan takardar ta ɓace, babu wani ofishi da za a je a sake samo ta. Shuɗiyar motar Siyatul tana da tata, kuma ta tabbatar da cewa daga Hamtramck aka haɗa ta da giyar hannu mai hawa huɗu, da gatarin baya na Dana 60 mai rabon 4.10, da babban lagireto, da burki mai taimakon inji. Rabon 4.10 yana nufin sandar da ke kai ƙarfi baya tana juyawa sau huɗu da ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya, abin da ke sa mota ta zabura da ƙarfi daga tsaye, ko da yake a doguwar hanya injin zai yi ta ruri yana shan mai. Wanda ya yi odarta ya san abin da yake nema.

Kamfanin gwanjon ya tallata ta a matsayin ɗaya daga cikin biyu masu giyar hannu da aka sayar a cikin Amurka, kuma ita kaɗai ce mai giyar hannu da har yanzu injinta na asali ke jikinta. A ganina, wannan jimla guda ce ta ɗauki fiye da dala miliyan ɗaya daga cikin farashin, kuma za mu ga a gaba cewa ko ita tana bukatar a yi mata kallon tsanaki.

Hannun da ta bi da gyaran da aka yi mata

Tarihin mallakar motar sananne ne, kuma yana da ɗan armashi. Ta taɓa zama a hannun Russell Myers, shahararren mai zanen barkwanci a jaridun Amurka. Daga baya wani mutumin jihar Oregon ya saye ta a kan dala 250,000, hukumomi suka ƙwace ta a wani binciken miyagun ƙwayoyi, aka yi gwanjonta a kan dala 405,000. Wanda ya saye ta ya kai ta aka yi mata cikakken gyara a Los Anjeles, aikin da aka kammala wajen shekarar 2000, kafin ta sake canza hannu ta hanyar musaya da wasu motocin Corvette.

Bai kamata a zuzuta tasirin wannan labari ba. Akwai motocin da sunan wanda ya taɓa su ne kusan dukan darajarsu, kamar Mustang ɗin 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim, wadda aka sayar a watan Janairun 2020 a kan dala miliyan 3.74 duk da tsatsa da lotsewar da ke jikinta. 'Cuda ba ta cikin wannan sahu. Amfanin tarihinta shi ne babu giɓi a cikinsa: an san inda take a kowane zango, ta bi ta hannun hukuma da gwanjon da aka yi a bainar jama'a, kuma masana sun daɗe suna ganin ta. Motar da ta ɓace shekara talatin sannan ta bayyana a tsaf da fenti mai ƙyalli ita ce ke sa mai ƙiyasi ya ƙara buɗe ido.

Batun yanayinta ma yana bukatar a auna shi. Kamfanin inshorar tsofaffin motoci na Hagerty yana amfani da ma'auni mai hawa huɗu, daga ta ɗaya, wadda ta isa cin gasar baje koli, zuwa ta huɗu, wadda ake hawa amma tana da aibobi a fili. A mota ta dala dubu hamsin, saukowa daga hawa na ɗaya zuwa na uku na iya cin rabin kuɗin. A nan kuwa lissafin ya sha bamban, saboda gyaran da ya shekara goma sha huɗu a 2014 ya riga ya fara tsufa, amma ko da za a warware motar gaba ɗaya a sake ta, kuɗin aikin ba zai zama wani babban kaso na miliyan uku da rabi ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yawan ƙarfen asali da ya rage a bodin. Fenti ana sake shi, kujera ana sake ɗinka ta, amma motar da tsatsa ta cinye har aka canza mata mafi yawan jiki, sai lambobi kawai aka dawo da su, ta shiga wani hali da masu saye ke jayayya a kai ko ita ce ko ba ita ba ce.

Kwatanci da cinikin da ya gabata

Hanyar da aka saba ƙiyasta kuɗin mota ita ce a tattara farashin irinta da aka sayar kwanan nan a fitar da matsakaici. Idan motocin duka duka goma sha biyu ne a duniya, kuma ɗaya ke fitowa kasuwa bayan shekara biyu ko uku, wannan hanya ba ta da ƙarfi, amma babu wata da ta fi ta. Kafin ranar gwanjon Siyatul, abin da mai ƙiyasi ke da shi a hannu kaɗan ne. A watan Janairun 2006 kamfanin Barrett-Jackson ya sayar da Hemi 'Cuda mai buɗaɗɗen rufi ta 1970 a kan dala miliyan 2.16 a jihar Arizona, a Janairun 2007 kuma kamfanin RM ya sayar da ta 1971 a kan dala miliyan 2.42. Waɗannan shekaru ne da kasuwar ta kumbura, lokacin da mutanen da suka yi samartaka a 1970 suka zama masu kuɗi suna sayen abin da ya gagare su a da. Rikicin tattalin arziki na 2008 ya karya farashin motoci masu ƙwanji ƙwarai. A Janairun 2013, wata 'Cuda ta 1971 mai launin shunayya, ita ma Hemi mai buɗaɗɗen rufi, ta tafi a kan dala miliyan 1.32 a gwanjon Barrett-Jackson.

Wanda ya ɗauki matsakaicin waɗannan uku zai ce shuɗiyar ta kai dala miliyan biyu, kuma zai yi kuskuren dala miliyan ɗaya da rabi. Aikin da ya dace shi ne a ɗauki kowace ɗaya a tambayi abin da ya raba ta da wadda ake ƙiyastawa: wace giya ce, injin na asali ne, takardar masana'anta tana nan, nawa ne ya rage na ƙarfen bodi, kuma a wane yanayi kasuwa take a ranar. A 2014 kasuwar tsofaffin motoci tana kan hawa sosai. A watan Agustan wannan shekara ne aka sayar da Ferrari 250 GTO a kan fiye da dala miliyan 38. Idan aka ɗauki farashin 2007 a matsayin ƙasan lissafi ga mota mai kyau a kasuwa mai zafi, aka ƙara fifikon giyar hannu, wadda masu tara motocin Chrysler suka fi so nesa ba kusa ba, aka ƙara na injin asali da takarda, kai wa miliyan uku zuwa huɗu ba wuce gona da iri ba ne. Ƙiyasi mai gaskiya a irin wannan hali tazara ce mai faɗi, ba lamba guda ba. Wurin da guduma za ta sauka a cikin tazarar ya dogara ne da ko mutum biyu masu hali sun zo a rana ɗaya kowanne ya ƙudurta ba zai koma gida hannu rabbana ba, kuma minti takwas ɗin Siyatul sun nuna cewa sun zo.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa idan ana ambaton farashi. Miliyan 3.5 kuɗin guduma ne, miliyan 3.78 abin da mai saye ya biya ne, abin da ya shiga hannun mai sayarwa kuma ya gaza duka biyun idan an cire tasa la'adar. Mai ƙiyasi da ke rubuta rahoto domin inshora yana neman kuɗin da za a kashe a maye gurbin motar, wanda ke rubutawa domin rabon gado ko haraji yana neman farashin kasuwa, wanda ke ba mai sayarwa shawara kuma yana neman abin da zai saura bayan ɗawainiya. Mota ɗaya ce, amma lambobi uku ne, kuma rahoton da bai faɗi wanne yake nufi ba bai cika ba.

Abin da ya biyo baya

Shekara ɗaya da rabi bayan Siyatul, a Janairun 2016, Mecum ya sayar da wata farar Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi da giyar otomatik a garin Kissimmee na jihar Fulorida, a kan dala miliyan 2.3 kafin la'ada. Wannan ya nuna cewa miliyan 3.5 ba sabon farashin duk motocin ba ne, farashin shuɗiyar ne ita kaɗai, kuma tazarar da ke tsakanin biyun tana ba da ma'aunin abin da kasuwa ke biya a kan giyar hannu da sauran abubuwan da suka keɓance ta.

Gwaji mafi tsanani ya zo a watan Mayun 2021 a birnin Indiyanafolis. Mecum ya fito da wata mai launin toka wadda tun tana sabuwa aka kai ta Faransa, har agogon gudunta kilomita yake ƙirgawa. A wannan karo tallar ta ce goma sha biyu aka ƙera, bakwai domin Amurka biyar domin ƙetare, uku daga ciki masu giyar hannu ne, kuma ita ma wannan injinta na asali ne. Kamfani ɗaya ne ya rubuta tallar 2014 da ta 2021, amma adadin ya tashi daga goma sha ɗaya zuwa goma sha biyu, kuma da'awar cewa shuɗiyar ba ta da ta biyu ta raunana. Ba sai an zargi kowa da ƙarya ba: ƙidayar motocin da aka fitar waje ta daɗe tana da ruɗani, kuma sanin masana yana ƙaruwa duk lokacin da wata ta bayyana. Amma mai ƙiyasin da ya ɗora dala miliyan ɗaya a kan kalmar "ita kaɗai" ba tare da ya bincika ba, ya ɗora ta ne a kan abin da zai iya canzawa.

An ƙiyasta mai launin tokar a kan dala miliyan 5.75 zuwa 6.5. Tayi ya hau har miliyan 4.8, wanda ya zarce abin da aka biya a Siyatul da fiye da miliyan ɗaya, sannan ya tsaya. Kuɗin bai kai mafi ƙarancin abin da mai ita ya gindaya ba, ya ce albarka, aka tura motar aka fitar da ita daga zauren ba a sayar ba. A rahoton mai ƙiyasi, miliyan 4.8 ɗin yana shiga ne a matsayin tayin da aka ƙi, ba a matsayin ciniki ba, kuma nauyin da ake ba shi bai kai na miliyan 3.5 ɗin da aka ƙirga aka biya a 2014 ba.